Ƙannena, kafin ku danna d2c

Ƙannena masu karatun sarrafa injuna a Marwa da Ngaundare, maganar d2c ɗin nan, umarnin da ke cikin manhajar lissafi ta MATLAB, ce ta kawo ni. Na ga kun mai da shi injin markaɗe: a zuba samfurin lissafi na daki-daki, a tari na lokaci mai gudana, a manna a kundin kammala karatu.

Kwanaki wani ƙanena ya zo mini da aikinsa na motar famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Da 'yar na'urar Arduino ya auna gudunta, ya samu pol, wato lambar da ke nuna saurin amsawar motar, a z = 0.9. Na ce, "Tsakanin awo da awo daƙiƙa nawa?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ai 1 na sa." Alhali duk daƙiƙa 0.1 na'urar ke awo. Ƙa'idar dai ita ce s = ln(z)/T, inda z yake pol na daki-daki, s na lokaci mai gudana, T kuma tazarar awo da awo. Da 0.1, s zai fito kusan −1.05, wato cikin daƙiƙa guda motar ta ci kusan kashi biyu cikin uku na gudunta. Da 1 ɗin nasa kuwa sai ta koma mai nawa, sai kusan daƙiƙa 9.5 za ta kai haka. Kwamfuta ko uffan ba ta ce ba, abin da aka ba ta shi ta dafa.

Ga kuma zancen hanya. In ba ka zaɓa ba, d2c da ZOH yake aiki, wato ya ɗauka abin da ka tura wa motar tsayawa yake cak har awo na gaba. In da wata hanyar, Tustin, aka gina samfurin tun farko, da Tustin za ka dawo da shi, in ba haka ba amsar ta goce. Pol ya faɗa kan sifili, ZOH ba ta da abin yi, don sifili ba shi da logaridim. Ya faɗa ƙasa da sifili, kamar −0.5, sai ka ga pol ɗaya ya haifi biyu, ka yi ta zargin kwamfutarka a banza.

Abin da awo bai kama ba kuwa ya tafi. Mai awo sau 10 a daƙiƙa, duk girgizar da ta wuce 5 a daƙiƙa sai ta zo masa da wata kama, kamar wanda ke leƙa Binuwai daga gadar Garwa da safe kawai ya ce ya san abin da kogin ya yi da dare.

Shi ƙanen nawa na sa shi ya mai da amsar da c2d, umarnin da ke yin akasin d2c, da T ɗin gaskiya da hanya iri ɗaya, ya kwatanta da awonsa na asali. Sai bayan la'asar layukan biyu suka hau kan juna.