Gwajin jini na olsa: positif ba shi ne ciwo ba

Watan jiya ƙanwar babana ta dawo daga wani labo nan cikin Maradi riƙe da takarda, fuska duk a yamutse, wai an ɗiba jininta an ce tana da ƙwayar olsa. Kafin magariba har ta bar tonka da shayi da kosai, an rubuta mata ordonansi mai tsawo. Na ce Gwaggo, ciwon ciki kike? Ta ce a'a ɗana, kaina ne ke sara mini, ni dai na ce su duba komai. To a nan maganata take, wannan gwajin jinin da muka ɗauka kamar hukuncin alƙali bai kai haka ba.

Ƙwayar sunanta Helicobacter pylori. Likitoci biyu ƴan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a garin Perth a 1982, da mutane suka ƙi yarda sai Marshall ya zuba ta a kofi ya shanye a 1984, cikinsa ya kama, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, yawanci tun yarinta ake kamuwa, ta ruwa, ta hannu, ta kwano guda da ake ci gida ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rigar da take sawa. Bayan jikinta lulluɓe yake da sarƙoƙin sukari, masana na ce musu LPS, kuma a bakin sarƙar akwai wasu sukari masu suna Lewis x da Lewis y, irinsu ɗaya da waɗanda ke jikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, dangin alamomin rukunin jini ne. Wato baƙuwa ce ta shigo gidan biki da ankon dangi, wa zai tare ta a ƙofa? Kuma ba riga ɗaya gare ta ba, tana kunna wasu ƙwayoyin gadonta tana kashe wasu, yau da wannan sukarin gobe babu shi. Ga shi LPS ɗinta bai cika tada hankalin garkuwar jiki ba kamar na sauran ƙwayoyin hanji, shi ya sa take shekara talatin, arba'in a cikin mutum lafiya lau.

Yadda masu bincike suka gane rigar kuwa da antikor ne, sojojin garkuwa da ake haɗawa a labo, kowane abu ɗaya tak yake kamawa, in akwai Lewis x ya manne, launi ya fito. To amma a lura, gwajin da aka yi wa Gwaggo juyin wannan ne. Ba ƙwayar ake nema ba, sojojin da jikinta ya taɓa haɗawa ake nema, su kuwa suna iya zama cikin jini wata da watanni har shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Sawun giwa ne aka gani, giwar ko tana nan ko ta wuce tun bara, jini ba zai faɗa ba. Shi ya sa wanda ya sha magani ya warke in ya koma gwajin jini zai iya sake ganin positif, ya sake kashe jikkunansa a farmasi, ya sake ɗura antibiyotik a banza.

Gwajin bayan gida shi ne yake amfani da antikor na labo ya kamo ɓurɓushin ƙwayar kanta, in ya nuna to tana nan yanzu. Akwai na numfashi ma. Sai dai da sharaɗi, a dakatar da omeprazole, maganin rage tsamin ciki, sati 2 kafin gwaji, antibiyotik kuma sati 4, in ba haka ba ƙwayar ta lafa a ce babu. Mu kuwa da omeprazole ake saye wajen mai tebur kamar alewa, musamman da azumi, wa ke faɗa wa mai labo ya sha jiya?

Na san za a ce na jini ya fi sauƙi, ya fi sauri, kuma mutane na jin kunyar kai kashi cikin roba. Gaskiya ne. Kuma negatif ɗinsa yana da amfani. Amma a ƙasar da yawancinmu mun haɗu da ƙwayar tun muna rarrafe, positif kusan kowa zai samu. Wani likita Holcombe da ya yi aiki a Maiduguri ya rubuta tun 1992 kan yadda ƙwayar ta yi yawa a Afirka fiye da cutar da take jawowa. Ba raina ta nake ba fa, tun 1994 sashen binciken kansa na hukumar lafiya ta duniya, OMS, ya sa ta cikin masu jawo kansar ciki, wanda yake aman jini, ko kashinsa ya yi baƙi, ko yana ramewa ba dalili, ya tafi asibiti yau ba gobe ba.

Gwaggo dai na kai ta wajen likita, ya tambaye ta ya ce a yi na bayan gida tukuna. Ta yi ta mita a kan moto har muka iso, robar ma cikin zani ta ɓoye ta.