Gyaran tsohon faifai daban, ɗora wa mamaci sabon kiɗa daban

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake taɓa tsofaffin waƙoƙi da sunan gyara. Wasu na zaton kwamfuta ce ta kawo abin. Ko kusa. Tun zamanin garmaho ake yin sa, kuma tun a lokacin an haɗa ayyuka biyu da bai kamata a haɗa su ba.

Kafin 1925 babu makirufo a ɗakin ɗaukar murya. Mawaƙi zai tsaya a bakin wani ƙaton mazurari ya buɗe murya, ƙarfin sautin ya girgiza wata 'yar fata, ita kuma ta motsa allura, allurar ta dinga zana layi a kan faifan kaki. Shi ke nan. Mai babbar murya ya ci riba, kayan kiɗa masu sanyin sauti kuwa sun shiga uku. Makaɗa kan cunkushe kamar a motar kasuwa, kowa na neman kusa da mazurarin. Gogen Turawa sai da aka ɗaura masa ƙahon ƙarfe kafin a ji shi, babban gogen nan mai kaurin amo kuma a ajiye shi a kawo na busa a madadinsa.

A haka Enrico Caruso, mawaƙin opera (wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa) ɗan Italiya, ya yi duk faya-fayansa, daga 1902 a Milan har zuwa 1920 a Amurka. Ya mutu a 1921, shekara huɗu kafin a fara ɗauka da lantarki. Da jama'a suka ɗanɗana sabon sauti, sai tsofaffin faya-fayansa suka fara zama kwantai. A 1932 kamfanin RCA Victor ya samo dabara: a kunna tsohon faifan, a tace shi a rage ƙarar allura, a tara sababbin makaɗa a gaban makirufo su bi muryar, a yanka sabon faifai. Abin ya yiwu ne don muryarsa ta fi tsohon kiɗan ƙarfi nesa ba kusa ba, sabon kiɗan sai ya danne na da. Kamfanin faifai na HMV ma ya yi irin wannan a Landan.

Ban raina ƙwarewar ba, wallahi aiki ne ja. Mawaƙin opera yana jan numfashi, yana riƙe sauti, yana saki yadda ransa ya so, kuma a da makaɗa na kallon bakinsa. Yanzu an ce su bi mutumin da ya shekara 11 a kabari. Amma ku duba abin da aka fitar. Tacewar da ta kwashe ƙarar allura ta tafi da wani ɓangare na muryar. A wasu wurare tsohon kiɗan na leƙowa ta ƙarƙashin sabon. Uwa uba, Caruso bai taɓa jin makaɗan nan ba, bai amince da su ba, ga shi sunansa ne a jikin faifan.

Ɗora sauti a kan sauti ba laifi ba ne a karan kansa. A 1941 Sidney Bechet, makaɗi ɗan birnin New Orleans na Amurka, ya shiga ɗakin RCA shi kaɗai ya kaɗa kayan kiɗa shida a waƙa guda. Zai yi na farko a yanka faifai, a kunna masa ya bi da na biyu a yanka wani, haka har ƙarshe. Kowane hawa yana dusashe abin da aka fara da shi, ƙarar allura kuma tana taruwa. Les Paul, makaɗin jita ɗan Amurka, ya kai abin ƙololuwa a faifan da ya fitar a 1948, jita takwas duk hannunsa, wasu ma ya ɗauke su a rabin gudu don in an kunna su fito da sauri da siririn amo. Waɗannan da ransu suka yi, kayansu ne, su suka zaɓi abin da za a rasa da abin da za a samu.

Masu gyara na gaskiya kuwa su ne nake cire wa hula. Kafin su taɓa komai sai sun nemo faifan da bai sha allura ba, ko ƙarfen asali da aka buga shi da shi. Su wanke shi, su gwada allurai masu kauri daban-daban har su dace da wadda ke bin gefen layin da bai ci ba. Sannan batun gudu: ana cewa juyi 78 a minti, amma na farko-farko wani ya gaza haka, wani ya haura, in ba a daidaita ba sai muryar ta tashi ko ta faɗi daga inda mai ita ya ajiye ta. Da zaren tef ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai su juye waƙar a kai, su bi kowane ƙas-ƙas da reza suna yankewa suna liƙewa. John R. T. Davies na Ingila ya ga yankan na gutsure lokacin waƙar, sai ya koma kankare ɗan wurin a jikin zaren ba tare da ya yanke ba. Waƙar minti uku tana iya cinye wa mutum yini. A 1976 aka fitar da aikin Thomas Stockham na Jami'ar Utah, wanda ya sa kwamfuta ta rage amon mazurarin da ya manne wa muryar Caruso. Duk waɗannan cirewa suke yi, ba su ƙara wa mawaƙi abin da bai yi ba.

Abin da ya sa na damu shi ne namu na gida. Za ka ji an ɗauko muryar wani tsohon makaɗin fada ko na jama'a da ya riga mu gidan gaskiya, an danne kotso ko kalangunsa da kiɗan fiyano, an watsa a waya. Yaro ya taso yana zaton haka aka yi ta. Ga shi a wajenmu ganga magana take yi, da ita ake kirari, mawaƙi da 'yan amshi da makaɗi amsa wa juna suke. Wanda ya danne ta ya goge rabin zancen.

Don Allah duk mai tsohon faifai ko kaset a gida, ya fara juye shi yadda yake, da shuuu ɗinsa da ƙas-ƙas ɗinsa, ya adana wannan kwafin. In zai tsabtace, ya yi a kan wani kwafin dabam. In kuma sai ya ɗora sabon kiɗa, to ya nemi izinin magada, ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙari ne, ya sa sunansa da shekarar da ya yi.