Briançon da Jibiya: wa ke riƙe da jakar gari?

Garin Briançon yana kudu maso gabashin Faransa, cikin tsaunukan Alps, a tudu mai tsayin kimanin mita 1,300. Mutanensa sun ɗan haura dubu goma. Daga nan zuwa mashigin Montgenèvre, inda ake sauka Italiya, bai kai kilomita 15 ba. Mu Hausawa mazauna Faransa, duk wanda ya san garin sai Jibiya ko Illela ta faɗo masa a rai, domin hanyar fatake ce ta haife su duka.

Har tarihin ya yi kama. Yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta ja iyaka a kan ƙololuwar tsauni, ta raba dangi masu yare ɗaya: Briançon ta zauna a Faransa, garuruwan Oulx da Pragelato, waɗanda yanzu suke cikin Italiya, suka koma hannun masarautar Savoy. Haka Ingila da Faransa suka raba Katsina da Maraɗi.

Inda muka sha bamban shi ne kuɗi. A 1343 mutanen waɗannan kwaruruka suka sayi 'yancinsu daga hannun ubangidansu Humbert na Biyu, da tsabar zinare 12,000 da wani haraji na shekara-shekara. Suka samu ikon yin taro, su zaɓi wakilansu, su kasa harajin a tsakaninsu ba tare da wani daga waje ya yanka musu ba. A ganina wannan ne jijiyar garin har yau.

Majalisar gari tana da kansiloli 33, wa'adinsu shekara shida. Jerin 'yan takarar da ya ci zaɓe yana kwashe rabin kujeru tun farko, sauran a raba gwargwadon ƙuri'a, don haka 'yan adawa ba sa rasa bakin magana. Kansilolin ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. Kasafin kuɗi a zaman da kowa zai iya shiga ake amincewa da shi, kuma doka ta hana kashewa ta wuce abin da zai shigo. Wakilin gwamnatin tsakiya yana duba ko an bi doka, in ya ga kuskure ya kai kotu, amma jakar ba ta hannunsa.

A Najeriya kuwa, kason ƙananan hukumomi 774 ya daɗe yana ratsa asusun haɗin gwiwa da jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a watan Yulin 2024 a biya su kai tsaye. Abin takaici ne garin da tireloli ke tattake titinsa dare da rana ya jira sa hannun gwamna kafin ya gyara kwalbati.

Ba na cewa Briançon ta fi ƙarfin iyakarta. Kamar yadda Abuja ta rufe iyakoki a Agustan 2019 ba tare da shawartar 'yan kasuwar Maigatari ba, haka Faris ta dawo da binciken iyaka a Nuwamban 2015. Tun daga nan matasa 'yan Afirka ta Yamma ke kauce wa 'yan sanda, su bi ta daji da dare cikin dusar ƙanƙara da takalmin zamani marar kauri. Sanyi yana cinye yatsu, wasu sun rasa rayukansu. Mutanen gari ne ke hawa tsaunin da barguna da shayi mai zafi su sauko da su.