Garin kwalba ba zai gina jikin yaro ba

Na kalli bidiyon nan da ake ta turawa tun jiya, wanda wani mai sayar da garin ƙarin kuzari a unguwar Aboabo ta Kumasi yake rantsuwa cewa cokali ɗaya na hajarsa yana "tayar da ƙwayoyin gado" har ramammen yaro ya murmure cikin mako guda. Wannan cin amanar iyaye mata ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya ari kalmomin masana ya lulluɓe ƙaryarsa da su.

Jikin ɗan Adam yana gina furotin, sinadarin gina jiki, da wasu ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20, kuma 9 daga cikinsu ba ya iya ƙera su, dole sai ta abinci. Kwalbar malamin, kamar yadda shi da kansa ya haska rubutun jikinta, uku kacal ta ƙunsa: lusin, aisolusin da balin. Gaskiya ne lusin yana zaburar da wani sinadari mai suna mTORC1, wanda ke ba ƙwayar halitta umarnin fara gini, amma da me za ta yi ginin? Kowane amino asid yana da ɗan dakonsa, wato tRNA, mai kai shi inda ake harhaɗa furotin, kuma da zarar iri ɗaya tak ya yi ƙaranci, 'yan dakonsa sai su taru hannu rabbana. Wani sinadari mai gadi a cikin ƙwayar halittar, GCN2, shi ne ke gano hakan, sai ya taka wa harhaɗa furotin birki, a lokaci guda kuma wani sinadarin mai suna ATF4 ya yawaita, ya kunna ƙwayoyin gadon da ke jawo amino asid daga waje. Idan ƙarancin ya daɗe, wannan hanyar da ta fara da ceto tana iya kai ƙwayar halittar ga mutuwa. Rashin guda ɗaya ya isa ya jawo haka, malamin kuwa ya bar shida a baya.

Masu ce mini ai 'yan ɗaga ƙarfe suna sha kuma ga ƙirjinsu nan, ku je ku ga ƙwai da naman da suke ci tukuna. Masu cewa ai daga Amurka aka kawo shi, to madalla, ashe ƙwayar halitta ta fara duba fasfo.

Tun a 1933 Dakta Cicely Williams ta bayyana kwashiyoko, cutar tamowa mai kumbura ƙafafun yara, a Accra, a jikin yaran da aka yaye da kunun masara zalla. Masara da gero duk suna da ƙarancin laisin (ba lusin ba), masara kuma ta ƙara da ƙarancin tiriftofan, dukansu biyu suna cikin amino asid 9 ɗin nan, kuma babu ko ɗaya daga cikin biyun a wannan kwalba. Wake kuwa yana da laisin sosai, shi ya sa kokon safe da ƙosai ya fi garin nan amfani nesa ba kusa ba. Don Allah, 'yan uwana mata, kuɗin kwalba ɗaya ku sayi wake da ƙwai da busasshen kifi, yaron da ƙafafunsa suka kumbura kuma a garzaya da shi asibiti.

Af, masu binciken amfanin gona na Fumesua, nan kusa da garinmu Kumasi, sun fitar da masarar Obatanpa tun 1992, wadda laisin da tiriftofan ɗinta suka fi na masarar da muka saba. Ban taɓa jin mai masara a kasuwa ya ware ta ya kira sunanta ba, balle wani ya yi mata bidiyo. Wa ya san inda ake samun irinta yanzu?