Samari masu sayen Rolex na hannu, ku tsaya ku duba garanti

'Yan uwana matasa, musamman ku da Allah ya fara buɗa wa kuke sha'awar ɗaura agogo mai tsada, ina so mu yi magana a kan kalmar nan da dillalai ke saurin jefa muku, wai "akwai garanti Alaji". To garantin wa? Na kamfanin da ya ƙera agogon ko na mai shagon? Don wallahi ba ɗaya ba ne, kuma yawancinku ba kwa tambaya, da an buɗe koren kwalin nan ido ya rufe sai transfa kawai.

Garantin kamfani yana fara ƙirga ne daga ranar da mutum na farko ya sayi agogon a wajen dila mai lasisi, ba daga ranar da kai ka saya ba. Rolex tun Yulin 2015 shekara 5 suke bayarwa, kafin nan shekara 2 ne. Omega ma shekara 5 ne ga agogon da aka saya daga Yulin 2018. Saboda haka in aka miƙo maka Rolex samfurin Submariner da katin garanti na 2019 ana maka rantsuwa har yanzu kamfani na tsaye a kai, lissafa da yatsunka, ya ƙare tun 2024. Katin yana da amfani wajen nuna asali da ɗaga farashi ranar da za ka sayar, amma ba zai gyara maka ko ƙusa ɗaya kyauta ba. Irin su Cartier da IWC da Jaeger-LeCoultre suna kaiwa har shekara 8, sai dai fa sai an yi wa agogon rajista a intanet tun garantin farko bai ƙare ba, in mai shi na farko ya yi sakaci bai yi ba har lokacin ya wuce shikenan, kai ba ka da wannan ƙarin.

In kuwa lokacin bai cika ba, garantin Rolex agogon yake bi, ba mutum ba, ragowar shekarun naka ne matuƙar katin na hannunka kuma an cike shi daidai. Nan ne nake so ku nutsu. Karɓi katin, karɓi agogon, ka karkata shi a haske ka duba zoben ciki da ke tsakanin gilashi da fuskar agogon, daidai ƙarfe 6 za ka ga lambar siriyal a zane, ka karanta ta harafi-harafi ka gwada da ta jikin kati. A tsofaffin kuma sai an cire madauri ake ganinta. In mai kaya ya fara cewa haba Alaji ba ka yarda da ni ba ne, ka ce ka yarda, amma dai ka ci gaba da karantawa. Ana sayar da kwali da kati daban a kasuwa, ana kuma buga na jabu, kuma lambar da ta dace ma ba ta wanke agogo gaba ɗaya tunda masu jabu sun iya kwafa, shi ya sa in kuɗin da yawa ne ka nemi a je wajen dila mai lasisi tare a duba kafin ka biya.

Sai abin da ke kashe garanti ko da saura shekara 4. Kun ga yayin nan na cika agogo da daimon har ba a ganin ƙarfen, irin na mawaƙa? In ba kamfani ne ya saka ba, garanti ya tafi, wani lokacin ma su ƙi karɓar agogon gyara sai an mayar da kayansu na asali da kuɗinka. Haka in an canza fuska ko gilashi da wanda ba nasu ba, ko an kai wa mai gyaran bakin kasuwa ya ɓalle baya ya taɓa inji. Ni ban raina sana'ar kowa ba, akwai masu hannu sosai a cikinsu, amma kamfani bai san da wannan ba. Kuma ko garanti na da rai, matsalar ƙira kawai yake ɗauka. Faɗuwa a tayil, ƙarcewa, sata, ruwa ya shiga don ka manta ba ka murɗa ɗan maɓallin saita lokaci na gefen agogon ya rufe ba kafin alwala, duk aljihunka ne.

Garantin mai shago kuwa ƙarfinsa daidai ƙarfin mai shagon. Wanda ka saya a Deira a Dubai aka ce maka shekara 1, in ya tsaya kana Kano wa zai biya kuɗin kai shi da dawo da shi? Wanda ka saya a Instagram fa, in gobe mai sayarwar ya goge shafinsa? A rubuta a rasit: lambar siriyal, wata nawa ne, inji kaɗai ne ko har da shigar ruwa, wa zai gyara, kuma in ya tabbata jabu ne ko an yi masa haɗe-haɗe za a dawo da kuɗi cas, ba canji ba. Addininmu ma ya ba mai saye damar mayar da kaya in aka ɓoye masa aibi, amma ranar rigima a gaban shugaban kasuwa ko alƙali takarda za a ce ka kawo.

Mai son kwanciyar hankali kuma yana da halin ƙarin kuɗi, Rolex da kansu sun fara sayar da na hannu ta wajen dilolinsu tun Disambar 2022, su duba su ba da sabon garanti na shekara 2. Agogon da aka yi wa cikakken sabis a wajensu ma yana fitowa da katin shekara 2, don haka in tsohon agogo ne tambayi takardar sabis ta ƙarshe, ta fi maka kwalin amfani. Sannan akwai The Watch Register a Landan, ana biyan ɗan kuɗi kaɗan a saka lambar a ga ko an taɓa kai rahoton sace shi, don agogon sata in ya shiga hannun kamfani gyara suna iya riƙe shi, kai kuma ka koma neman wanda ya sayar maka.