Aron kalma bai mayar da Tagalog ɗan Sifaniyanci ba

Na karanta wani labari da marubucinsa ya ce harsunan ƙasar Filipin, irin su Tagalog, daga Sifaniyanci suka samo asali, wani mai sharhi kuma ya mara masa baya wai don ana cewa "kumusta" (yaya kake) da "mesa" (tebur), kalmomin da suka fito daga Sifaniyanci. Malam, wannan aro ne. Mu ma mun ari "littafi" da "alƙalami" daga Larabci, Hausa ta zama Larabci ke nan? Sifaniyawa sun mulki tsibiran daga 1565 zuwa 1898, dole su bar kalmomi rututu, amma sun tarar da mutane da harsunansu sama da ɗari, har da rubutunsu na Baybayin. Tagalog da Cebuano da Ilocano duk 'yan dangin harsunan Ostronesiya ne, waɗanda masana da yawa ke ganin daga Taiwan suka bazu, kimanin shekara 4,000 da suka wuce, har reshensu ya kai Madagaska nan Afirka. Ku duba, "lima" biyar ce a Tagalog da Malay, "mata" kuma ido ne a duka biyun. Harshen Chavacano na birnin Zamboanga ne ya tsiro daga Sifaniyanci, kuma labarin ko ambatonsa bai yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda labarin ya tsallake Musulmin Mindanao da Sulu na kudancin ƙasar, waɗanda suka rubuta harsunansu da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu. Kuma da aka ɗora harshen ƙasa a kan Tagalog a 1937, zamanin Shugaba Quezon, me ya sa ba a gaya mana yadda masu jin Cebuano suka ji ba?