Kun cike kududdufi, ruwan ina zai je?

Shi ke nan, wannan kududdufin na bayan unguwarmu ma an gama da shi. Kun dai ga hotunan: tifa na juye ƙasa da ɓaraguzai, an buga fegi, wai shaguna za a yi. Wallahi zalunci ne a kan duk wanda gidansa yake gangare.

Kududdufan birnin Kano ba haka kawai suka samu ba. Ƙasar da kakanninmu suka gina gidaje da badala da ita aka haƙa, ramin ya zama matattarar ruwan damina kafin ya gangara rafin Jakara. Wanda ya kwanta kuma ƙasa ta shanye, rijiyoyin unguwa su samu. Ka cike shi ka zuba siminti, ruwan ina zai je? Ɗakin talaka zai shiga. Na ga tsohuwa tana kwarfe ruwa da roba cikin dare, katifa a kan katanga, buhun masara ya jiƙe, ginin ƙasa yana zubewa ta gindi.

Kada wanda ya zo min da zancen sauro ko yara na faɗawa. A yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara, magana ta ƙare. Masu cewa ruwa daga Allah ne, mun yarda, amma lambatun da aka yi gini a kansa hannun mutum ne. Damina ta canza, ruwan da a da yake sauka cikin kwanaki yanzu cikin sa'o'i yake juyewa, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na gargaɗi kowace shekara. Lokacin da ya kamata mu ƙara wa ruwa wurin zama, mu sayar da wurinsa muke. Mun manta yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya lalata dilolin atamfa da shadda? Don Allah masu sa hannu a takardar fili, ku ji tsoron Allah, ruwan ina zai je?

Ga kuma masu sare darbejiyar ƙofar gida don shimfiɗa intalok. Watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ba wuta, ba inuwa, dattijan layi sun rasa wurin shimfiɗa tabarma. Wanda ya san inda ake samun dashen darbejiya ko mangwaro da sauƙi ya faɗa min, matasan layinmu na son dasawa kafin ruwa ya ɗauke.